Fuskokin Da Ranar Abuja Ke Haɗiyewa A Hotunan Hukumomi

Duk wanda ke bibiyar hotunan da ma'aikatu da hukumomin tarayya ke saki bayan taron da aka yi a fili zai lura da wani abu da ke maimaita kansa. Farar shadda na sheƙi, tuta ta fito ras, ginin da ke baya ya fito tar, amma fuskar wanda aka taru dominsa ta nutse cikin duhu a ƙarƙashin hula. Akan tura wa kafafen yaɗa labarai irin wannan hoto da rubutun cewa minista ne ko babban sakatare, mai karatu kuwa sai dai ya yarda da rubutun, domin idonsa bai shaida masa komai ba.

Laifin farko na rana ne. Abuja tana kusan digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana kan tsaya daidai bisa ƙoƙon kai. Tarukan gwamnati kuwa, ko da an sa su ƙarfe goma na safe, ba kasafai jawabi ke kankama ba sai rana ta take. A lokacin haske daga sama yake saukowa, sai kwarmin ido da ƙarƙashin hanci da haɓa su cika da inuwa, bakin hular jami'an tsaro da gwaggwaron mata su ƙara tasu. A dandalin Eagle Square, inda aka miƙa mulki ga farar hula ranar 29 ga Mayu, 1999, aka kuma rantsar da Shugaba Bola Tinubu a rana irin ta a 2023, manyan baƙi na zama a inuwa ne yayin da filin fareti ke ƙuna da haske. Babu kyamarar da za ta iya riƙe waɗannan biyun daidai ba tare da taimako ba.

Taimakon shi ne a kunna filash da tsakar rana, abin da wasu ke yi wa kallon shirme. Manufarsa kawai ya zuba ɗan haske cikin inuwar fuska, rana ta ci gaba da aikinta a sauran wurare. Laifi na biyu, wanda ya fi na rana, na hadimai da jami'an yaɗa labarai ne da aka damƙa wa kyamarori masu tsada suka bar su a kan Auto tun ranar da aka fito da su daga kwali. Ma'aunin kyamara na ɗaukan duk abin da ke gabansa a matsayin mai launin toka-toka. Idan ya ci karo da farar babbar riga sai ya ga haske ya yi yawa, ya rage, fuskar baƙar fata ta ƙara dusashewa. Filash mai sarrafa kansa, wanda ake kira TTL, shi ma haka yake ruɗewa: yakan aika ɗan walƙiya na gwaji, farin yadi ya dawo masa da shi da ƙarfi, sai ya janye hannu daidai inda ake buƙatarsa. Al'ummar da ke ado da farar gezna ranar biki ba ta dace da wannan lissafi ba.

Saita filash da hannu ba wani ilimin boko mai zurfi ba ne. Ƙarfinsa a rubuce yake a bayansa: 1/1, 1/2, 1/4, har zuwa 1/128 a yawancin na zamani. Abubuwa uku ne ke ƙayyade yadda haskensa zai sauka a fuska bayan wannan ƙarfi, wato faɗin ƙofar haske ta lens, da ISO, da tazara. Saurin ƙiftawar kyamara ba ruwansa da hasken filash, muddin bai wuce iyakar da suke tafiya tare ba, wadda a yawancin kyamarori 1/200 ce ko 1/250 na daƙiƙa. Daga nan ne ake gane wane tsarin kyamara ya dace. A tsarin S, ko Tv a wajen Canon, kyamara ce ke sauya ƙofar haske yadda ta ga dama, don haka filash ɗin da aka tsayar da hannu zai fito da ƙarfi a wannan hoto, ya yi rauni a na gaba. ISO mai sauya kansa ma haka yake yi. A tsarin A ko Av ƙofar a tsaye take, filash ya daidaita, sai dai idan aka buɗe ta da yawa da rana, ƙiftawa za ta maƙale a iyakarta, sararin sama da farin kaya su ƙone. Tsarin M ne ke rufe duk waɗannan ƙofofin ɓarna.

A hasken tsakar rana, ISO 100 da 1/200 da f/11 mafari ne mai kyau. Matsakaicin filash na saman kyamara, a kusan mita 3, sai ya fitar da dukkan ƙarfinsa kafin ya yi kunnen doki da rana a wannan saiti, saboda haka 1/2 ko 1/4 ya wadatar wajen buɗe inuwa ba tare da goshi ya yi maiƙo ba. Idan aka ninka tazara, haske na komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ke nan a mita 6 sai an ba shi 1/1, wanda kuwa ke harbawa daga bayan igiyar jami'an tsaro a mita 20 batir kawai yake ƙonawa. Hoton gwaji biyu a kan direba ko abokin aiki, a tsaye inda mai gida zai tsaya, kafin ayari ya iso, ya isa a kammala saiti.

Masu kare Auto suna da hujja ɗaya mai nauyi: babban mutum ba ya jiran mai hoto. Idan yana tafiya yana gaisawa, tazara na sauyawa kowane taku, kuma a nan TTL, da ɗan gyaran ƙarfi da hannu, ya fi amfani. Amma yawancin hotunan da hukumomi ke ajiyewa ba na tafiya ba ne. Mumbari ne, da yanke ƙyalle, da sa hannu a yarjejeniya, da jeruwa a matakalar Sakatariyar Tarayya, wurare da aka san inda kowa zai tsaya tun jiya. Ɗaya hujjar, cewa za a gyara a kwamfuta, ta fi rauni. Inuwar da aka tilasta wa buɗewa bayan ɗauka takan fito da tsaki-tsaki, fata ta koma launin toka, kuma hadimin da ake jira ya tura hoto a WhatsApp cikin minti goma ba shi da wannan lokacin ma.

Akwai kuma batun adalci a hoton rukuni. Filash na saman kyamara ya fi haska na gaba, don haka ƙananan ma'aikatan da suka yi wahalar aikin, waɗanda a bisa al'ada sahun baya ne nasu, su ne ke ɓacewa. Ja da baya da ƙara ƙarfi na rage bambancin tsakanin sahu da sahu. Sashen yaɗa labarai na kowace hukuma na iya ware rabin yini guda, ya fitar da ma'aikatansa farfajiyar ajiye motoci da ƙarfe ɗaya na rana, da mutum ɗaya cikin farar riga da hula, su yi ta gwaji har kowa ya rubuta saitinsa a takarda ya manna a bayan filash.