Agwagi ne suka fara mutuwa

Kafin yara su fara suma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, agwagi ne suka yi ta mutuwa, ba wanda ya kula. Dutsen zinaren da ake dakawa a turmi a tsakar gida cike yake da gubar dalma. Ƙurarsa kuwa tana sauka inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baka. Yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara, wasu suka tsira da lahanin ƙwaƙwalwa wanda ba ya gyaruwa. Ni dai ban ga laifin talaka mai neman na tuwo ba. Laifin na hukumomin da suka bari abin ya maimaitu a Rafi, jihar Neja, a 2015 ne. A fitar da dakan dutse daga gidaje.