Haƙori Ba Ya Tsirowa Sau Uku

Ya kai ɗalibi, haƙoran mutum sau biyu suke fitowa. Na yarinta 20 ne, suna zubewa wasu su maye gurbinsu. Na girma 32 ne, kuma duk wanda ya faɗi ya tafi ke nan. Saboda haka nake ganin jinkirin zuwa asibiti shi ne babban maƙiyin haƙori.

A tsakiyar kowane haƙori akwai wani ɓargo mai taushi, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Daga waje kuma dasashi da ƙashin muƙamuƙi ne suke riƙe da saiwarsa. Akwai ƙananan ƙofofi a saiwar, waɗanda suka haɗa ciki da waje. Idan haƙori ya yi kogo har ɓargon ya mutu, ƙwayoyin cuta suna bin ƙofofin nan su ci ƙashi. Haka kuma ciwon dasashi mai tsanani yana iya gangarowa har ƙarshen saiwa ya kashe ɓargon. Wani lokaci cututtukan biyu suna haɗuwa a haƙori ɗaya.

To, mene ne makomar irin wannan haƙori? Idan daga ciki ciwon ya fara, likita yana wanke cikin saiwar ya toshe ta, kuma sau da yawa ƙashin yakan warke, haƙorin ya yi shekaru yana aiki. Idan daga dasashi ya fara, ko kuwa biyun sun haɗu, lamarin ya fi wuya, domin ƙashin da ciwon dasashi ya cinye ba kasafai yake dawowa duka ba. Yawan ƙashin da ya rage shi ne yake yanke hukunci. Shan taba da ciwon suga suna ƙara dagula al'amarin. Saiwar da ta tsage a tsaye kuwa, galibi sai cirewa.

Wani zai ce maka aikin yana da tsada, cirewa ta fi sauƙi. Gaskiya ne cirewa ta fi arha a ranar. Amma giɓi yana sa haƙoran da ke kusa su karkace, tauna ta yi wuya, kuma haƙorin roba ma da kuɗi ake sa shi. Wani kuma zai ce ka cusa kanumfari. Kanumfari yana rage zafi, amma ba ya warkar da ciwon. Ka sani, idan ɓargo ya mutu zafi yakan lafa, alhali cutar tana ci gaba da ɓarna.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki. A nan Gombe, Asibitin Koyarwa na Tarayya yana da sashen haƙori. Idan ka ga jini yayin goge baki, ko ruwan ciwo a dasashi, ko haƙori yana girgiɗi, ka sanar da iyayenka ku je a duba, a ɗauki hoto. Ka guji masu cire haƙori a bakin kasuwa. Ka riƙa goge bakinka safe da dare da buroshi da man goge baki, ka haɗa da asawaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haƙori kuwa tun ƙashi yana riƙe da shi ake ceto shi.