Hasashen NiMet da Gulbin da Ya Ratsa Gusau

Idan marka ta kankama a watan Agusta, kusan kowace sanarwar kwana uku da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, ke fitarwa takan ambaci hadari da tsawa a "wasu sassan Zamfara". Mutumin Gusau ya ji, ya ɗaga kai ya ga gari garau, ya ce yau ma masana sun yi kuskure. Alhali ba saman kansa kaɗai ya kamata ya duba ba.

Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso, ya nufo arewa maso yamma, ya ratsa Gusau, sannan ya wuce Bungudu. Hadarin damina kuma galibi daga gabas yake tasowa. Saboda haka ruwan da aka tafka can sama, ta ɓangaren Funtuwa da Tsafe, yana iya iso wa mazauna bakin gulbi cikin dare, ko ɗigo bai sauka a rufinsu ba. A ƙarshen Satumban 2006 madatsar ruwa ta Gusau ta ɓalle bayan mamakon ruwa, ɗaruruwan gidaje suka salwanta. Da yawa daga cikin magidantan yau suna yara a lokacin.

Akwai kuma lissafin da ba a cika yi mana ba. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita. Idan milimita 50 ta sauka a rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100, lita 5,000 ke nan, wato duro 25, daga gida guda. Idan cikin awa ɗaya ta zubo, a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi, ina za ta? Dutse irin na Kwatarkwashi ba ya shan ruwa, gangaro da shi yake yi gaba ɗaya. Kwalbatin da leda ta toshe kuwa, tura shi yake yi cikin gidajen mutane. Ginin ƙasa ma ba lallai ruwan yau ya kayar da shi ba. Jiƙewar kwana huɗu a jere ke cin gindin katanga, shi ya sa yayyafi bayan mamako ba abin rainawa ba ne.

A ganina laifin ba na hasashen ba ne. Ba a kai ga ilimin da zai faɗi unguwar da hadari zai sauke kayansa tun kwana uku kafin ya haɗu ba. Giɓin yana tsakanin Abuja da ƙofar gida: sanarwa ta fito da Turanci, ta tsaya a wayoyin irinmu. Kamata ya yi hukumar agajin gaggawa ta jiha ta riƙa mayar da ita Hausa a ranar, a rediyo da bakin masu unguwanni da limamai, tare da sunayen wuraren da ke kwari. A kuma sa mutum a Tsafe wanda aikinsa shi ne, da zarar ruwa ya tsananta, ya buga waya Gusau, na Gusau ya buga Bungudu.