Wasannin bidiyo a Damagaram: kada a bar jaki a daki taiki

Duk wanda ya ratsa lungunan Birni bayan sallar la'asar, ko ya gangara Zango, zai ci karo da ɗakunan wasan bidiyo: tele ɗaya ko biyu, akwatin PlayStation, da yara jingim a kan banci suna jiran layi. Wasu ƙwallon ƙafa suke bugawa. Wasu kuwa, da ƴan daloli kaɗan, sukan shiga cikin GTA, wasan da ake ƙwace motoci, a harbi ƴan sanda, a take masu tafiya a ƙasa. Waɗanda iyayensu suka saya wa salula ba su ma bukatar ɗakin: Free Fire da PUBG suna cikin aljihunsu, kuma ƙa'idar wasan ita ce a kashe kowa har a rage mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya.

Iyaye da malamai suna da hujjar damuwa, kuma ba su ne farau ba. A watan Disamba na 1993, Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kan wasan Mortal Kombat, wanda ake fizge kan abokin gaba a cikinsa. Wannan zama ne ya tilasta wa kamfanoni kafa tsarin rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa a 1994. Ƙasashen Turai sun kafa nasu tsarin, mai suna PEGI, a 2003, da lambobi 3, 7, 12, 16 da 18. GTA V, wanda ya fito a 2013, lamba 18 yake ɗauke da ita. Ke nan su kansu masu ƙera shi sun amince ba na yara ba ne. Abin tambaya shi ne: wa ke duba wannan lamba a Damagaram, inda wasan ke isowa cikin ma'ajiyar na'ura, babu kwali balle gargaɗi?

Sai dai akwai masu wuce gona da iri, suna ɗora wa wasannin nan alhakin duk wata ta'asar samari a garin. A nan ne ya kamata a yi hattara. Fadodin samari sun yaɗu a Nijar tun shekarun 1990, daga baya wasunsu a Damagaram suka rikiɗe zuwa ƙungiyoyin da ake kira «pale», masu faɗa da adduna, tun kafin salula mai intanet ta zama ruwan dare. A ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da tarzoma ta ɓarke kan zanen jaridar Charlie Hebdo, aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ba wasan bidiyo ne ya fito da jama'a kan titi ba. Fim ɗin «Zinder» na Aisha Macky, ƴar garin, wanda ya fito a 2021, ya nuna samarin unguwar Kara-Kara, har da ƙungiyar da ta laƙaba wa kanta sunan Hitila. Abin da aka gani a cikinsa shi ne rashin lakwal, rashin aiki, fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya, da wariyar da unguwar ta gada tun zamanin da aka keɓe kutare a can. Matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, amma zaman kashe wando bai ƙare ba.

Masana ma ba su goyi bayan wannan zargi ɗungurungum ba. A 2020, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa irin waɗannan wasanni kan ɗan ƙara zafin rai, kamar tsawa da tunkuɗa, amma babu isasshiyar shaida da ke nuna suna mai da mutum mai zubar da jini. Illar da aka tabbatar ta wani fanni ce: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Yaron da ke gudun aji, yana zare kuɗin cefane domin ya biya mai ɗakin wasa, shi ne matsalar da ke gaban iyaye.

To, mene ne mafita? Haramci ba zai yi ba. Iraƙi da Jodan sun hana PUBG a 2019, amma wasan da ke shigowa ta intanet ba ya tsayawa a shingen duwan. Kuma masu ɗakunan nan galibi samari ne da suka nemi na kansu. Rufe musu sana'a ƙarin ma'aikata ne ga pale.

Abin da ke yiwuwa yana kusa. Hukumar birni, wadda ke karɓar patanti, tana iya gindaya sharuɗɗa uku: babu yaro a ɗakin wasa lokacin lakwal ko makarantar allo, a rufe da wuri da dare, wasan da ke da lamba 18 kada a kunna shi ga wanda bai kai ba. Masu unguwanni, ƙarƙashin fadar Sultan, sun san kowane lungu, su ne za su iya sa ido fiye da jami'an tsaro. Ɗan kasuwar da ke ɗauko na'urorin daga Kano ya san abin da aka loda a ciki. Ma'aikacin da ya saya wa ɗansa salula kuwa, ya zauna ko sau ɗaya ya kalli abin da yaron ke bugawa.

Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa domin abokin gaba na wancan zamani a kan doki yake zuwa. Na yau ba ya bi ta ƙofa. Ganuwar da ta rage ita ce idon iyaye, da aji mai malami, da sana'ar da saurayi zai tashi da safe ya nufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.