Kafofin watsa labarai: A riƙe na'urori a gida ko a raba ƙafa?

Gidajen rediyo da talabijin a sassa daban-daban na duniya na fuskantar zaɓi mai wuya: su ci gaba da sarrafa hotuna da sauti a kan na'urorin kansu, ko su miƙa wani ɓangare na aikin ga kwamfutocin haya na kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, waɗanda ake kaiwa gare su ta intanet.

Aikin ya haɗa da tace bidiyo, da sauya shi ya dace da talabijin da wayar salula, da adana shi, da kuma isar da shi ga jama'a.

Riƙe komai a gida

Tashar da ta mallaki na'urorinta ita ke da iko da shirye-shiryenta. Sai dai dole ta sayi kayan da za su iya ɗaukar aikin ranar zaɓe ko gasar ƙwallon ƙafa, alhali a sauran kwanaki yawancinsu zaman banza suke yi.

Gina irin wannan tsari ma yana da haɗari. A 2013 BBC ta soke shirinta na kafa tsarin tacewa da adana shirye-shirye ta kwamfuta, bayan ya lashe kimanin fam miliyan 98.

Haka nan a watan Satumban 2021 na'urar kashe gobara ta lalata kwamfutoci a cibiyar kamfanin Red Bee da ke Landan, lamarin da ya sa kurame masu kallon tashar Channel 4 suka yi kusan wata guda ba sa ganin rubutun da ke bin shirye-shirye.

Dogaro da haya

Kamfanin Netflix ya fara ƙaura zuwa kwamfutocin Amazon bayan rumbun bayanansa ya lalace a 2008, ya kuma kammala a 2016. Duk da haka, finafinan da yake aika wa masu kallo suna fitowa ne daga na'urorinsa na Open Connect, waɗanda yake girkawa kusa da masu amfani da su.

Ita ma hayar tana da nata ƙalubalen. Matsalar da ta auka wa cibiyar Amazon ta jihar Virginia a Amurka a watan Oktoban 2025 ta tsayar da ayyukan kamfanoni da dama na tsawon sa'o'i. Ga kuma kuɗin da ake biya wajen fitar da bidiyo daga rumbun, wanda ke ƙaruwa da yawan masu kallo.

Tasoshin Afirka ta Yamma

A wannan yanki lissafin ya fi tsauri. Tsinkewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Cote d'Ivoire a watan Maris na 2024 ta gurgunta sadarwa a Najeriya da Ghana. Sannan akasari da dala ake biyan kuɗin hayar, ga shi darajar naira ta faɗi warwas tun daga 2023. Wanda kuma ya ajiye na'urori a gida sai ya tanadi janareto da man dizal.

Wannan ne ya sa raba ƙafa ke samun karɓuwa: a bar labarai da shirye-shiryen kai tsaye a gida, inda katsewar minti guda kan zubar da kimar tasha, a kai kwafin tsofaffin shirye-shirye da ayyukan da kan taso jefi-jefi ga kwamfutocin haya.

Amma hakan na nufin kula da tsari biyu, da neman injiniyoyin da suka san kowanne. Tashar da ba ta fara tantance wane aiki ne ba zai jure katsewa ba, tana iya ƙarewa da biyan kuɗi sau biyu.