Taron Phi Beta Delta da Darasin da ke Cikin Wuta-Wuta

A jami'o'in ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar al'ada ta kafa ƙungiyoyin karramawa, waɗanda ake shigar da ɗalibi ko malami cikinsu bayan an tantance ƙwazonsa. Mafi daɗewa a cikinsu ita ce Phi Beta Kappa, wadda aka kafa a shekarar 1776 a Kwalejin William da Mary. Masu binciken kimiyya suna da tasu, Sigma Xi, tun daga 1886 a Jami'ar Cornell. A shekarar 1986 kuma aka kafa Phi Beta Delta a Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Long Beach, domin karrama waɗanda suka yi fice a ilimin da ya ƙetare iyakokin ƙasashe: ɗaliban da suka zo Amurka daga waje, da 'yan Amurka da suka yi karatu a wata ƙasa, da malamai da ma'aikatan da ke hidimar wannan fanni. Ƙungiyar takan shirya taro kowace shekara, inda wakilan rassanta ke gabatar da maƙalu, a yi muhawara, a kuma miƙa lambobin yabo. Takenta da harshen Latin yana nufin ilimin da duniya ta yi tarayya a cikinsa.

Mai karatu da ke ajin ƙarshe na sakandare a Katsina ko Maraɗi zai iya tambayar me ya haɗa shi da taron da ake yi a bangon duniya. Amsar ita ce, a irin waɗannan tarurruka ne jami'an da ke kula da ɗaliban waje suke musayar dabaru game da wanda za a gayyato, da wanda za a tura, da abin da za a ɗauka a matsayin nasara. Saboda haka ya dace a auna taron da ma'aunin takensa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa bai kamata a ƙidaya nasarar ilimin ƙasa da ƙasa da yawan ɗaliban da suka hau jirgi kawai ba. Abin dubawa shi ne daga ina tambayar bincike ta taso, kuma ina amsarta ta sauka.

Abin da alƙaluma suka nuna

Da farko dai wajibi ne a yaba wa manufar. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma tarihin kimiyya bai ƙaryata su ba. Ƙungiyar da ta ware lambar yabo domin baƙon ɗalibi, wanda ya bar iyayensa ya koyi darasi cikin harshen da ba nasa ba, ta yi abin kirki.

Sai dai alƙaluma suna nuna cewa hanyar ta karkata gefe guda. Rahoton Open Doors, wanda Cibiyar Ilimin Ƙasa da Ƙasa ta Amurka ke fitarwa, ya nuna cewa a zangon karatu na 2023/24 ɗaliban waje a manyan makarantun ƙasar sun haura miliyan 1.1, kuma kimanin 20,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne. A ɗaya ɓangaren, 'yan Amurka da suka fita karatu waje a zangon 2022/23 kimanin 280,000 ne, kusan kashi biyu bisa uku sun nufi Turai, waɗanda suka zo Afirka kudu da Sahara kuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Yawancin masu fitar ma gajeren zama suke yi, na makonni ko zango guda, alhali baƙon da ya shiga Amurka yakan shafe shekaru. Zumunci a ƙafa yake, to amma idan kullum gida ɗaya ake zuwa, ɗayan gidan ba a taɓa leƙa shi ba, da wuya a kira wannan tarayya.

Darasin wuta-wuta

Babu misalin da ya fi fito da wannan magana fili kamar tarihin binciken wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Kowane manomin dawa da gero ya san ta da kyakkyawan furenta da mugun aikinta. Tsiro ce mai rayuwa a jikin wani tsiron. Ƙwayar irinta ƙarama ce kamar ƙura, gindi ɗaya yakan zubar da dubun dubatar ƙwayoyi, kuma suna iya kwanciya a cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba tare da sun mutu ba. Abin mamaki shi ne ruwan sama kaɗai ba ya sa su tsira. Sai saiwar dawa ko gero ko masara ta matso kusa, ta saki wani sinadari cikin ƙasa, sannan ƙwayar ta farka, ta miƙa siririyar saiwa, ta manne, ta huda, ta fara tsotsar ruwa da abinci. Dalilin wannan jira a bayyane yake: guzurin da ke cikin ƙwayar kaɗan ne ƙwarai, idan ta tsira babu mai masauki a kusa, cikin 'yan kwanaki za ta mutu. Kafin manomi ya ga furen a doron ƙasa, an riga an yi ɓarnar a ƙarƙashinta.

Manoman Afirka sun daɗe suna fama da wannan annoba. Amma binciken sinadarin da ke tayar da ita ya ɗauki zafi ne bayan da aka ga wani nau'inta a gonakin masara na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a shekarun 1950. A 1966 masana a Amurka suka tace sinadarin daga ruwan saiwar auduga, suka raɗa masa suna sitirigol. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa auduga ke rage wuta-wuta a gona: tana tayar da ƙwayar, amma ba ta ba ta masauki, sai ta tsira ta mutu. Da irin wannan dabara, ta hanyar cusa iskar etilin cikin ƙasa, Amurka ta rage annobar a gonakinta matuƙa. A nan akwai darasi na farko mai ɗaci. Matsalar ta samu kuɗi da ɗakunan gwaje-gwaje ne a lokacin da ta shiga gonar mai kuɗi.

Darasi na biyu yana tattare da rayuwar Gebisa Ejeta. An haife shi a wani ƙauye na ƙasar Habasha a 1950, ya yi digirin farko a ƙasarsa, sannan ya tafi Jami'ar Purdue a jihar Indiyana, inda ya sami digirin digirgir a 1978. Daga nan ya yi aiki a Sudan, inda ya samar da ingantacciyar dawa mai jure fari, Hageen Dura-1, wadda aka saki ga manoma a 1983. Ya koma Purdue a matsayin malami a 1984, ya kuma tafi da tambayar gonakin Afirka a ransa. Shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro hanyar gwaji mai sauƙi ta gane irin dawar da saiwarta ba ta cika tayar da wuta-wuta ba, suka haɗa wannan hali da yawan amfani, aka rarraba irin a ƙasashen Afirka da dama tun daga shekarun 1990. A 2009 aka ba shi Lambar Abinci ta Duniya. A 2017 kuma ayarin bincikensa ya bayyana ƙwayar gadon da ke haifar da wannan hali: irin wannan dawa tana sakin wani nau'in sinadarin ne dabam, wanda ƙwayar wuta-wuta ba ta cika amsa kiransa ba.

Ejeta bai koma gida da zama ba, kuma wannan abin lura ne ga masu kukan ƙaurar masana. Inda gangar jikin masani take yana da muhimmanci, amma bai kai muhimmancin inda tambayarsa ta fito da inda amfaninta ya sauka ba. Ana samun wanda ya dawo gida da digiri bai taɓa tsayawa a gonar manomi ba, ana kuma samun wanda ke zaune a ƙetare amma aikinsa yana cikin rumbunan ƙauye.

Darasi na uku shi ne cewa ribar ba ta tsaya a Afirka ba. Masana sun daɗe suna mamakin me zai sa tsiro ya riƙa sakin sinadarin da ke kiran maƙiyinsa. A 2005 masu bincike a Japan suka nuna cewa da wannan sinadari ne saiwa ke jawo wasu ƙananan halittu dangin naman kaza, masu taimaka mata ɗebo sinadarin fosfaras daga ƙasa. Wannan ne ma ya sa wuta-wuta ta fi ƙamari a gajiyayyar gona, domin tsiron da ke cikin yunwa ya fi yawan kira. A 2008 kuma aka gano cewa dangin wannan sinadari suna daga cikin masu sarrafa yawan rassan da tsiro ke fitarwa. Wato bin diddigin ciyawar da ta dami talakan manomi ya buɗe sabon babi a litattafan ilimin tsirrai na duniya baki ɗaya. Wannan ita ce tarayyar da taken Phi Beta Delta ke nufi, kuma ta samu ne domin ilimi ya yi zirga-zirga ta kowace fuska.

Ƙofar da ke buɗewa gefe guda

Tarayya tana buƙatar ƙofa. A watan Nuwamba na 2021 masana a Botsuwana da Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in ƙwayar cutar korona da aka kira Omikiron, suka sanar da duniya ba tare da ɓata lokaci ba. Sakayyar da ta biyo baya cikin kwanaki ita ce ƙasashe da dama suka rufe iyakokinsu ga matafiya daga kudancin Afirka. A 2022 kuma, lokacin babban taron duniya kan cutar ƙanjamau a birnin Montreal na Kanada, wakilai masu yawa, musamman daga Afirka, ba su sami biza a kan lokaci ba, alhali nahiyarsu ce ta fi ɗaukar nauyin cutar. Taron masana kan ilimin ƙasa da ƙasa ba shi ke ba da biza ba, amma mahalartansa su ne masu muryar da hukumomi ke saurare. Idan suka yi shiru a kan wannan, to rabin takensu kawai suka riƙe.

Akwai masu cewa karkatar hanya ba laifin kowa ba ne, domin ɗalibi yana bin inda kayan aiki suke, kuma ba za a tura mai binciken ƙwayoyin gado inda wutar lantarki ba ta tsayawa ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma babban kaso na laifin yana wuyan gwamnatocin da suka bar ɗakunan gwaje-gwajensu suka lalace. Amma ilimin halittu ba a cikin ɗaki kaɗai ake yin sa ba. Wuta-wuta, da sauron zazzaɓin cizon sauro, da ɗaruruwan ire-iren gero da wake da manoma suka adana tun kaka da kakanni, duk a nan suke. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi da aka kafa a Ibadan a 1967, wurare ne da baƙon ɗalibi zai koyi abin da babu shi a Indiyana.

Abin da ya kamata a yi

Daga wannan, abubuwa uku suka cancanci zama a kan teburin irin wannan taro kowace shekara. Na ɗaya, a riƙa tambayar kowace jami'a ɗalibai nawa ta tura ƙasashen da take karɓar ɗalibai daga cikinsu, kuma tsawon wane lokaci. Na biyu, lambobin yabo su riƙa la'akari da abokin bincike da ke can gida, wanda ya tattara samfur, ya kula da gonar gwaji, amma sau da yawa sunansa yakan zo a ƙarshe ko ya ɓace. Na uku, a buɗe hanyar halarta ta intanet ga wanda kuɗin jirgi ko biza ya tare, a kuma riƙa kai tarurruka ƙasashen da ake magana a kansu.

Malaman sakandare su ma suna da nasu kason. Ɗalibin da zai amfana da karatun waje shi ne wanda ya fita da tambaya a hannunsa, kuma a aji ake koyon tambaya. Malamin ilimin halittu yana iya kai ɗalibansa gonar da wuta-wuta ta kama, a tono gindin dawa a hankali, a wanke saiwar, su ga inda aka manne da idanunsu. Yana iya sa su shuka dawa a tukwane biyu, ɗaya da ƙasar gonar da ta kamu, ɗaya da ƙasar da ba ta kamu ba, su auna tsayin tsiron kowane mako, su rubuta. Wannan aiki ba ya buƙatar na'ura mai tsada, kuma shi ne ainihin hanyar kimiyya.

Ɗalibin da ya yi irin wannan gwaji, idan wata rana ya sami gurbin karatu a Amurka ko wata ƙasa, zai shiga ɗakin gwaje-gwaje ne a matsayin wanda ya kawo wani abu, domin ya san tsiron da abokan karatunsa suka gani a hoto kawai. Idan kuma bai fita ba, tambayar tana nan a gonar gidansu, kuma har yanzu miliyoyin manoman dawa da gero suna jiran cikakkiyar amsarta.