Launi a Takardar Ofis: Ado ko Hujja?

Firintar kala da ke shagunan buga takardu na Fagge da Sabon Gari tawada iri huɗu gare ta: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Koren tambarin kamfani ba ya cikinsu. Ƙananan ɗigon shuɗi da rawaya ake zubawa wuri guda, ido ya gan su kore. Fuskar kwamfuta kuwa haske take haɗawa, shi ya sa launin da ya ƙayatar a can yakan fito a dushe a takarda.

Wannan ƙaramar asara ce. Babbar tana zuwa bayan takarda ta bar shago. Rahoton kuɗi ko takardar neman kwangila ba kasafai take tsayawa a hannu ɗaya ba. Fotokwafi ake yi mata, baƙi da fari. Nan jan layin asara da koren layin riba kan koma toka-toka, mai sa hannu ya kasa bambance su.

Saboda haka bai kamata ofis ya dogara da launi kaɗai ba. A rubuta sunan kowane layi a jikinsa, a gwada shafi ɗaya a baƙi da fari kafin a biya kuɗin kala.